Ƙashin Kwata: Takin da Muke Zubarwa

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya leƙa kwata ranar kasuwar Talata Mafara ya san abin da ake bari bayan mahauta sun ɗauke nama: ƙashi, jini, ƙaho, kofato da dattin tumbi. Mu shara muke gani. To, a cikin sharar nan akwai sinadaran da manoman Bakura da Maradun ke saya da tsada a buhun takin zamani.

Mu fara da ƙashi. Idan aka ƙone shi ya zama farin toka, kusan kashi 1 cikin 3 na nauyinsa kalsiyam ne, fosfaras kuma wajen rabin haka. Wannan fosfaras ɗin shi ne harafin P da kuke gani a buhun NPK, kuma shi ne ya yi ƙaranci a yawancin ƙasar nomanmu ta Arewa. Shuka na buƙatarsa don kafa saiwa da cika tsaba.

Busasshen jini kuwa yana da naitirojin kusan kashi 12 cikin 100, ga sinadarin ƙarfe. Ƙaho da kofato ma naitirojin ne, sai dai a hankali suke sakinsa. Dattin tumbi ciyawa ce da ta fara narkewa, idan aka bar ta ta ruɓe sai ta zama taki mai kyau.

Amma fa a kula. Fosfaras na ƙashi ba ya narkewa da sauri, don haka sai an daka shi luƙui, an gauraya da takin gida kafin shuka. Kada a taɓa dabbar da ta mutu da ciwon saifa, ƙwayar cutar na daɗewa a ƙasa. Kuma kada a ba shanu garin ƙashi ko nama. Ta haka cutar haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986 ta yaɗu.

Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 na ba mu ruwa, taki ne ke gagarar talaka. Masu neman batun furojet, ga shi nan a ƙofa: ku gaida Sarkin Fawa, ku roƙi ƙashi, ku auna shi a ɗakin gwaje-gwajen Abdu Gusau, ku gwada a kuyya biyu ta shinkafa. Manomi zai yarda da abin da idonsa ya gani.