Ƙaramar Leda, Babban Maye

'Ya'yana samarin Nguru da Gashuwa, hukuncin giya ba sai na faɗa muku ba, tun kuna makarantar allo kuka san shi, kuma tun shekarar 2000 da aka kafa shari'a a Yobe doka ta hana sayar da ita. Amma ni da ku mun san cewa abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, kuma ya sake kama. Da can mashayi sananne ne, wurin zuwansa ma sananne, kwalbarsa kuma ba ta ɓoyuwa. Yanzu abin ya koma 'yar leda mai shiga aljihun gaba, ko 'yar kwalbar roba da aka rubuta mata sunan maganin basir ko na ƙarfin jiki. Yaron da ko mutuwa zai yi ba zai riƙe kwalbar giya a gaban mutane ba, sai ka gan shi a bayan tasha ya ciji gefen leda da haƙori, ya ɗaga kai, ya matse ta a maƙogwaro, ya yar, duk kafin ka gama amsa sallama. Wannan yaron nake so ya saurare ni.

Abin da ke bugarwa a cikinsu duka guda ne, yawansa ne ya bambanta. Burukutu da giyar kwalba, ƙarfinsu bai cika wuce kashi 4 zuwa 6 cikin 100 ba. Na leda kuwa, juya bayanta ka karanta da idonka, sau da yawa za ka ga 40 ko kusa da haka. Ogogoro ma a nan take, wani lokaci ta zarce. Ku yi lissafi: babbar kwalba mai mil 600 tana ɗauke da kamar mil 30 na tsantsar barasa, leda mai mil 30 kuma tana da 12. Leda uku ke nan sun fi kwalba guda. Mai kwalba yakan ɗauki lokaci kafin ya ga ƙarshenta, cikinsa ya cika da ruwa. Mai leda ya gama cikin minti biyu, yana ganin bai sha komai ba.

Barasa ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan ce ke shiga jini ta tumbi, mafi yawanta sai ta gangara ƙaramin hanji, daga nan ta bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Idan akwai abinci a ciki, ƙofar tumbi takan riƙe ta tana sakinta sannu a hankali. Idan ciki wayam yake, babu mai tare ta. To su wa ke sha da sassafe ba su karya ba? Mai kwalekwale da zai shiga ruwa wai don ya kori sanyi, ɗan dako a kasuwar kifi, direban da zai kama hanyar Kano. Ɗumin da suke ji na ƙarya ne, jijiyoyin fata ne suka buɗe, zafin jiki na fita waje. Wanda kuma ya tsiyaya ta cikin lemon kwalba don ya ɓoye ta ya ƙara mata gudu, domin iskar gas ɗin tana hanzarta tura ta hanji, zaƙin kuma ya rufe ɗacin da zai gargaɗe shi. Mai haɗawa da lemon ƙara kuzari ya fi ba ni tsoro. Idonsa a buɗe, yana jin garau yake, alhali hannunsa da ƙafarsa sun riga sun yi nauyi, sai ya hau babur.

Hanta kuwa ba ta san gaggawa ba. Kimanin mil 10 na tsantsar barasa take iya ƙonewa a awa guda, leda ukun nan aikin fiye da awa uku ne. Goro ba ya rage shi, haka shayi mai kauri, haka wanka da ruwan randa. Saura yana nan yana yawo a jini, kuma yakan ci gaba da hauhawa bayan mutum ya daina sha. Shi ya sa za ka ga yaro ya tashi daga majalisa da ƙafarsa, ya je ya faɗi a hanya.

Ku tuna kuma inda Allah ya ajiye mu. A watan Afrilu zafinmu yakan haura 40 a ma'auni, barasa kuma tana sa yawan fitsari, ta ƙara busar da jikin da zufa ta riga ta tatse. Ƙasar Bade ta yi suna da ciwon ƙoda, kusan kowa a Gashuwa ya san gidan da ake kai wani wankin ƙoda ko aka yi rashi. Wanda ya tashi a irin wannan wuri bai kamata ya ɗora wa ƙodarsa ƙarin kaya ba, balle ya bi da ƙwayoyin ciwon jiki. Wadda aka dafa a ɓoye kuma tana da nata bala'in: a 2015 gurɓatacciyar ogogoro mai sinadarin metanol ta kashe mutane da dama a Ondo da Ribas, wasu sai da suka makance tukuna. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mil 200 ba, saboda yadda take isa hannun yara.

Mafi muni shi ne haɗa ta da tiramol ko kodin, domin dukkansu suna danne numfashi. Idan abokinka ya sha ya kwanta, ka kira shi bai amsa ba, numfashinsa ya yi nisa ko leɓensa ya sauya launi, kada ka ce barci yake. Kada ka ɗura masa madara ko ruwa, zai shaƙe. Ka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya koma masa huhu, ka nemi abin hawa zuwa asibitin tarayya na Nguru ko babban asibitin Gashuwa, kuma ka gaya wa likita ainihin abin da ya sha da lokacin da ya sha, ko da mahaifinsa yana tsaye a wurin.