DORINA: ME TAKE CI, KUMA ME YA SA TAKE KISA?



Jiya bayan karatun Magariba wani ɗalibina ɗan Gwaram, wanda ke shirin tafiya noman rani Dadin Kowa a jihar Gombe, ya tambaye ni: "Malam, wai da gaske dorina tana cin mutum?" Na ce zan amsa a nan, don ba shi kaɗai ke tafiya bakin ruwa neman halal ba.

Mu a Birnin Kudu da Gwaram yawancinmu ba mu taɓa ganin ta da rai ba. Fatarta muka sani. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bulalar da ake kira dorina, ni kaina bayana bai manta ba. Daga fatar dabbar nan mai kauri ake yanko ta, shi ya sa ta ci sunan.

Larabawa suna ce mata farasun nahri, wato dokin kogi. Ibn Battuta ya gan su a ƙasar Mali a 1353, da farko ma ya zaci giwaye ne, ya kuma ba da labarin yadda mutanen wurin ke farautar su da masu suna cin naman.

To amsar ita ce: ciyawa take ci. Ba kifi ba, ba mutum ba. Wuni take a ruwa saboda fatarta ba ta jure rana, sai dare ya yi ta fito kiwo. A dare ɗaya takan ci kusan kilo 40, tana tsinke ciyawar da leɓɓanta, kuma takan yi tafiyar kilomitoci kafin asuba ta komo. Haurenta da ke kai santimita 50 ba na cin abinci ba ne, na faɗa ne.

A nan matsalar take. Ita dorina ba ta bambance ciyawar daji da shinkafarka. Wurin kiwonta na da, bakin kogi, shi muka mai da fadama. Abin da ke haɗa ta da manoma ke nan a Dadin Kowa, da Yawuri a jihar Kebbi, da Ayorou a Nijar. Manomin da aka cinye wa gona dare ɗaya yana da gaskiyar yin kuka, ban raina asararsa ba. Amma fita da tocila da sanda don korar dabbar da ta haura kilo 1,500, wannan ba jarunta ba ce, jefa kai ga halaka ne. Kada nauyinta ya ruɗe ka, a tudu tana gudun kilomita 30 a awa. Ba za ka tsere mata ba.

Don haka ɗan uwa, in ta fito kiwo kada ka shiga tsakaninta da ruwa, domin in ta firgita can za ta nufa, ta bi ta kan duk abin da ta tarar. Kada ka kusanci mai ɗa. In kana cikin kwalekwale, ka sani takan nutse kamar minti 5, rashin ganin ta ba ya nufin ta tafi. In ka sauka, kafin ka kama gona, ka nemi masuntan garin su nuna maka turbar da take bi da dare. In ta yi ɓarna kuma, a kai ƙara wurin mai gari da jami'an gandun daji.

Batun hukuncin cin namanta, wanda wasu suka tambaya, sai darasi na gaba in sha Allah.