Yoyon Baƙin Mai a Injin Mota: Hanyar Ganowa da Gyarawa a Yankin Madatsar Ruwa ta Goronyo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yoyon baƙin mai a motocin da ke jigilar amfanin gona tsakanin Goronyo da Wurno da Rabah. Manufarta ita ce nuna cewa inda mai ya ɗiga ba lalle ne daga nan ya fito ba, kuma gyaran da bai binciki sanadi ba ɓarnar kuɗi ne.

1.0 Gabatarwa

An kammala gina Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Albarkacin ruwanta, noman rani ya bunƙasa, musamman na shinkafa da albasa da tafarnuwa. Waɗannan kaya kuwa tsofaffin motoci ne ke kwaso su daga fadama zuwa kasuwa, da lodin da sau da yawa ya fi ƙarfinsu. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40. Zafi yana sa mai ya tsinke, yana kuma busar da roba har ta tsage. Ƙura kuwa tana cin bakin sil kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. Ƙaramar mota kusan lita 4 take ɗauka, tazarar da ke tsakanin alamomi biyu na geji kuma kusan lita 1 ce. Ɗigon da direba ya raina yana iya ƙarar da wannan lita, injin ya buga da kaya a kai, albasa kuwa ba ta jiran bakanike.

2.0 Gano Mafarin Yoyo

Da farko a tabbatar cewa baƙin mai ne. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana. Baƙin mai baƙi ne ko ruwan ƙasa, man giya mai canza kanta yakan yi ja, ruwan lagireto kuwa ba shi da maiƙo irin nasu.

Daga nan aikin haƙuri ya fara. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka man da ya tsattsafo daga murfin saman inji yana iya bin bango ya taru a gindin kaskon mai, wanda makanikai ke kira botom filet, sai a ɗora wa kaskon laifin da ba nasa ba. A hanyoyin fadama abin ya fi rikitarwa, domin ƙura da mai sukan haɗu su zama taɓo mai kauri ya lulluɓe inji baki ɗaya. Don haka tilas a wanke inji idan ya huce, a kare na'urorin lantarki daga ruwa, a bari ya bushe, sannan a tayar da shi na kimanin minti 15. A haska tocila, a bi sawun mai daga ƙasa zuwa sama har inda danshi ya ƙare. Wannan wuri mafi tsayi shi ne mafari. Idan sawun bai fito ba, a barbaɗa farar hoda a inda ake zargi, mai zai zana hanyarsa a kanta. A manyan garejoji akan zuba wani rini a cikin mai a duba da fitila ta musamman, amma a ganina hoda ta wadatar a mafi yawan lokuta.

3.0 Gyara

A fara da mai arha. Notin juye mai yana da washa wadda ya kamata a sauya duk lokacin da aka yi juye, amma akan mayar da tsohuwa, a ɗaure da ƙarfi har zaren ya lalace. Filta ma haka: a shafa wa robarta ɗan mai, a ɗaure da hannu, a kuma duba kada tsohuwar roba ta manne a jikin inji, domin roba biyu a haɗe sukan sa mai ya yi tsartuwa. Gaskit ɗin murfin sama da na kasko sauya su ake yi, bayan an kankare tsohon tas, a ɗaure notuna bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. Al'adar lafta gam a kan tsohon gaskit ba gyara ba ce. Ɓarɓashin gam yakan faɗa ciki ya toshe rariyar famfon mai, cutar da ta fi yoyon muni. Kaskon da dutse ya fasa sai walda ko sabo. Sil ɗin bayan kiranshaf shi ne mai tsada, don sai an sauke giyabos, kuma hikima ce a duba kuloci a lokaci guda.

Akwai sanadi ɗaya da aka fi mantawa da shi. Kowane inji yana da bututun numfashi da ke fitar da hayaƙin da ya kuɓuce ta gefen fistin. Idan ya toshe, ko ringi ya cinye, iska takan taru a ciki ta tura mai waje ta kowace kafa mai rauni. Mai motar da ya sauya sil sau biyu yoyo bai tsaya ba, ya sa a buɗe wannan bututu kafin ya sayi na uku. Cika mai fiye da alamar sama ta geji ma yana haifar da irin wannan.

4.0 Mai da Ruwan Fadama

Direbobi da dama a bakin gulbi ko magudanar ban-ruwa suke wanke inji, injinan ban-ruwa kuma a bakin ruwan suke tsiyaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Ruwan da ake saki daga Goronyo shi ne ke ratsa Wurno ya isa matatar ruwan birnin Sakkwato. Saboda haka wankin da aka ambata a sama a gareji ya kamata a yi shi, nesa da gulbi, tsohon mai kuma a tara shi a jarka mai murfi.