Yaro da Kunkurun Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mutane da yawa suna zaton sai wanda ya shiga jami'a ne zai iya rubuta wa kwamfuta umarni. Ni kuwa a ganina yaro ɗan firamare ma zai iya, in dai an bar shi ya gwada da hannunsa.

A shekarar 1967 wani malamin lissafi mai suna Seymour Papert da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta domin yara, suka sa masa suna Logo. Daga baya suka haɗa shi da wani ɗan mutum-mutumi da ake kira kunkuru, wanda ke tafiya yana jan layi. Kunkurun nan ba ya yin kome sai abin da yaro ya umarce shi. In ya ce masa, "Yi gaba taki 100, juya dama digiri 90," ya maimaita haka sau huɗu, sai ga murabba'i ya fito.

To, a ce yaron yana son zana alwatika. An koya masa a aji cewa kowace kusurwa ta alwatika mai daidaitattun gefuna digiri 60 ce, sai ya sa kunkuru ya juya 60. Zanen kuwa sai ya ƙi haɗuwa. Ba wanda zai dake shi, ba wanda zai yi masa dariya. Zai yi ta gwaji har ya gane cewa dole kunkuru ya juya digiri 360 kafin ya koma yadda ya fara, watau 120 sau uku. Abin da yaro ya gano da kansa haka, da wuya ya manta da shi.

A Indiya ma, a 1999, Sugata Mitra ya kafa kwamfuta a jikin bango a wata unguwar talakawa ta Delhi, ya bar ta ba malami. Yaran unguwar suka koya wa junansu yadda ake sarrafa ta. Wannan bai nuna a rufe makarantu ba. Ya dai nuna cewa aji ba shi kaɗai ne wurin koyo ba. Ingila kuwa tun 2014 ta sa darasin cikin manhajar yara daga shekara biyar.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya karaya. A filin makaranta ɗaya ya zama kunkuru, ɗaya ya ba da umarni, a riƙa zana layin da tsinke a ƙasa.

Ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro yana irin wannan, kada ku ɗauke shi wasan banza. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.