Yadda Ake Jin Girgizar Ƙasa Daga Nesa

Ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba agogon Turkiyya, ƙasa ta tsage kusa da birnin Gaziantep. Girgizar ta kai maki 7.8, mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya, Allah ya jiƙan su. Kafin gari ya waye, masana a Amurka da Turai sun riga sun faɗi wurin da abin ya faru da ƙarfinsa. Wa ya kai musu labari? Ƙasar ce da kanta.

Ya kai mai karatu, ka sani idan dutsen ƙarƙashin ƙasa ya karye, motsin ba ya tsayawa a nan. Yana bazuwa ko'ina, kuma iri-iri ne. Na farko, wanda masana ke kira P, shi ne mai sauri, yakan ci wajen kilomita 6 a daƙiƙa kusa da doron ƙasa, ya ninka haka a can ciki. Na biyu, S, yana biye a baya, kuma ba ya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Da wannan halin nasa aka gane cewa a zurfin kilomita 2,900 akwai narkakken ƙarfe. Daga ƙarshe sai motsin da ke bin saman ƙasa ya iso, shi ne mafi jinkiri.

Ita na'urar da ke auna wannan motsin ba wani tsafi a cikinta. Ƙarfe ne mai nauyi aka rataya a jikin sifirin, cikin akwatin da aka kafe a kan dutse. Ƙasa na motsawa akwatin zai bi ta, nauyin kuwa sai ya yi nawa. Wannan ɗan bambancin ake aunawa. Dā alƙalami ke zana shi a takarda, yanzu lantarki ke kai shi kwamfuta, tauraron ɗan'adam na daidaita agogo. Ana kafa tashar na'urar nesa da hanyar manyan motoci da injin niƙa, don tana jin abin da tafin ƙafarka ba zai taɓa ji ba.

To, yaya ake sanin nisa? Ka tuna mai daka da ka hango daga nesa: taɓarya ta sauka, sai an jima ƙarar ta iso kunnenka, kuma gwargwadon nisanta gwargwadon jinkirin. Haka tazarar P da S take. A garin Torodi, kudu maso yammacin Yamai, akwai babbar tasha ta hukumar hana gwajin makaman nukiliya mai hedikwata a Biyana. Daga Gaziantep zuwa can wajen kilomita 4,400 ne. A irin wannan nisa P kan iso cikin minti bakwai da rabi, S kuwa sai bayan ƙarin minti shida.

Amma tasha ɗaya ba ta wadatarwa. Sai an haɗa lissafin uku ko fiye, kowace ta zana da'irar nisanta a taswira, inda suka haɗu nan ne wurin. Dalili ke nan da ƙasashe ke musayar bayanai ko da ba sa ga maciji da juna. Najeriya ma tana da nata tashoshin, ƙarƙashin cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi. Jin girgiza daga nesa ya samo asali tun 1889, lokacin da wani masani a Potsdam ta Jamus ya ga na'urarsa ta yi wani zane, daga baya ya gano girgizar Japan ce.

Na'urorin nan abin da ya riga ya faru suke rubutawa. Har yau babu mai iya faɗin rana da sa'ar da girgiza za ta zo, don haka saƙon WhatsApp da ke cewa gobe za a yi ta a gari kaza, ƙanzon kurege ne. Idan kuma ka ji rediyo ta sauya maki bayan 'yan sa'o'i, ba ruɗewa aka yi ba, bayanan wasu tashoshi ne suka ƙaru. Wani lokacin ma sabuwar girgiza ce: a Turkiyya, bayan sa'a tara, wata mai maki 7.5 ta biyo baya.