Ciwon Ido a Kajin Gida: Darasi Daga Bakin Tafkin Kainji

Gabatarwa

Wata rana da kaka na sauka a wani gida a Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Bayan an gaisa, sai wata dattijuwa ta zo mini da kaza a hannu, idanunta biyu sun liƙe, fuskarta ta kumbura. Ta ce, "Malam, ku da kuka yi karatun dabbobi, mene ne maganin ciwon idon kaza?" Na ce, "Inna, wane daga ciki?" Ta yi dariya, tana zaton wasa nake yi. Ashe ta riga ta ɗiga wa kazar ruwan barkono, ta kuma fasa kafso ta zuba a ruwan shan sauran. Kazar nan kuwa ita ta tanada don kuɗin littattafan jikanta.

Tambayar da na yi mata ita ce gishirin wannan darasi. Kumburin ido alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake ga ɗan Adam, kuma cututtuka da dama ne ke haddasa shi. Wanda ya ba da magani kafin ya gane sanadi, sau da yawa garin neman gira yake rasa ido.

Yadda idon kaza yake

Idanun kaza a gefen kai suke, shi ya sa takan hangi kusan duk abin da ke kewaye da ita, shaho ne ko tsaba. Bayan fatar ido ta sama da ta ƙasa, tana da wani siririn tantani na uku mai share ƙwayar ido daga gefe zuwa gefe. A ƙarƙashin ido kuma akwai wani ɗan kogo da ya haɗu da hanci. Saboda haka cutar da ta shiga ta hanci kan kumbura wannan kogo, sai a ga kamar ido ne ya kamu, alhali kuwa asalin ciwon a hanyar numfashi yake. Bugu da ƙari, mugunyar tsuntsu ba ta zama ruwa-ruwa irin tamu. Daskarewa take yi kamar awara. Don haka idan ta taru ba ta tsiyayewa da kanta.

Tambayoyi huɗu kafin magani

Kafin mai kaza ya je shagon magani, ya kamata ya amsa waɗannan: Ido ɗaya ne ko biyu? Kaza ɗaya ce ko da yawa? Akwai atishawa, majina ko wari? Akwai waɗanda suka mutu farat ɗaya? Amsoshin su ne za su kai shi ga ɗaya daga cikin rukunan da ke biye.

1. Murar kaji mai kumbura fuska

Idan kaji da yawa suka kamu cikin 'yan kwanaki, fuska ta kumbura, kwantsa ta liƙe ido, ga majina mai wari, to galibi cutar koriza ce, wadda wata bakteriya ke haddasawa. Akwai 'yar'uwarta da ƙwayar maikofilasma ke kawowa, ita kuwa a hankali take tafiya, ana gane ta da kumfa a gefen ido da ƙarar numfashi da dare, kuma uwa tana iya sa wa 'yan tsaki ta cikin ƙwai. A nan ne magungunan kashe bakteriya irin su oksitetirasaikilin da tailosin suke da amfani, bisa shawarar malamin dabbobi, a kuma cika kwanakin da aka rubuta. Sai dai a sani, kazar da ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar. Irin wannan lafiyayyar kaza da aka sayo a kasuwar Warra ko ta Yelwa aka saka cikin garke ran nan, ita ce kan zama mafarin masifa.

2. Ƙurajen kaji

Idan aka ga ƙuraje masu ɓawo baƙi ko ruwan ƙasa a zanko da leɓe da fatar ido, wannan bairas ne, kuma sauro na daga cikin manyan masu yaɗa shi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, garuruwan Ngaski da Yauri da Shanga suke zaune kusa da ruwa mai faɗi, ga fadamu da gonakin shinkafa, don haka sauro ba baƙo ba ne, musamman a ƙarshen damina. Kafso ba ya kashe bairas. Abin yi shi ne a jiƙa ɓawon da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa aidin a ƙurajen zanko ban da cikin ido, a kuma riƙa ba kazar abinci da ruwa a baki idan ba ta gani. Yawancin manyan kaji sukan warke cikin mako 2 zuwa 4. Waɗanda ke mutuwa yunwa ce ke kashe su saboda ido ya rufe. Akwai allurar rigakafi da ake tsirawa a fatar fiffike.

3. Ƙarancin bitamin A

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa. Da rani ciyawa ta bushe, ƙwari sun yi wuya, abincin kaza ya koma dusa da tsakin farar dawa da gero, waɗanda kusan ba su da sinadarin karotin da jiki ke mayarwa bitamin A. Sai ido ya fara ruwa, daga baya wani farin abu mai kama da cuku ya taru a ƙarƙashin fatar ido, amma babu wari irin na koriza. 'Yan tsaki kuma su tsumbure. Maganin yana bayan gida: ganyen zogale, alayyafo, kabewa, jar masara, da 'yar ɗigon manja a cikin dusa.

4. Tsutsa da ƙuma

Akwai wata farar tsutsa siririya, tsawonta bai kai santimita 2 ba, da ke zama ƙarƙashin tantanin nan na uku. An sa mata sunan Patrick Manson, likitan da ya gano ta a idon kaji a ƙasar Sin, aka kuma bayyana ta a rubuce a 1879. Rayuwarta abin mamaki ce: ƙwanta yakan bi hawaye ya gangara maƙogwaro, ya fita a kashi, wani nau'in kyankyaso ya ci, kaza ta ci kyankyason, tsutsar ta hauro ta koma ido. Kazar takan yi ta sosa idon da farce har ta ji masa rauni. Malamin dabbobi yana iya cire ta, amma maganin dindindin shi ne share akurki don kyankyaso ya rasa maɓoya. Haka nan akwai ƙuma mai maƙalewa a kewayen ido kamar baƙin kwalli. Man basilin da aka shafa a kanta yana toshe mata numfashi ta faɗi.

5. Hayaƙi, ƙura da rauni

Idan kaza ɗaya ce, ido ɗaya, kuma tana cin abincinta, a fara zargin tsinke, ƙaiƙayi ko saran zakara. A unguwannin masunta, kajin da ke kwana kusa da murhun bandar kifi suna shan hayaƙi dare da rana. Ga ƙurar hunturu, ga kuma iskar amoniya da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi a akurkin da aka toshe saboda sanyi. Gwajin mai sauƙi ne: ka sunkuyar da fuskarka daidai tsayin kaza, idan idonka ya yi yaji, nata ya daɗe yana yi.

6. Alamun da ba a wasa da su

Idan kumburin ido ya zo tare da koren zawo, murɗewar wuya da mutuwa da yawa, ana zargin cutar Niyukasil, wadda ta fi yin ɓarna da hunturu. Idan kuwa zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, kaji suna zubewa cikin kwana ɗaya ko biyu, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

Taimakon farko

Ko mene ne sanadi, a ware mara lafiya daga sauran. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri giram 9, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bari ya huce. A jiƙa auduga mai tsabta a goge ido daga ciki zuwa waje, kowane ido da tasa audugar, sau 2 ko 3 a yini. Idan akwai rauni ko kwantsa, a sa man ido na tetirasaikilin. A guji barkono, kananzir, toka da lemun tsami, domin ƙona ƙwayar ido suke yi. A wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kazar da ke shan magani kuwa, ba a cin namanta ko ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. Fasa kafso barkatai yana horar da bakteriya ta daina jin magani, har ranar da mutum zai buƙace shi.

Rigakafi

Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta ta zauna ita kaɗai aƙalla mako 2. Akurki ya zama busasshe mai shan iska, nesa da hayaƙi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa rigakafin Niyukasil da na ƙurajen kaji. Abin sha'awa, ta ido ake ɗiga rigakafin Niyukasil, domin a bayan ƙwayar ido akwai wani ƙullutu mai cike da sojojin jini da ke koyon gane cutar. Kwalba ɗaya takan ishi kaji da yawa, don haka maƙwabta su haɗa kai su yi rana ɗaya.

Kazar dattijuwar nan koriza ce ta kama ta. Ido ɗaya ya buɗe bayan an wanke, ɗayan kuwa, wanda ya fi shan barkono, bai sake gani ba.

Aiki ga ɗalibai

Malamin Nazarin Halittu ya raba aji rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya ziyarci gidaje 10, ya rubuta yawan kaji, nawa ke da ciwon ido, amsoshin tambayoyin nan huɗu, abincin da ake ba su, da nisan akurki daga ruwa ko murhu. A yi wannan da kaka, a maimaita da hunturu da bazara, sannan a kwatanta: wane rukuni na ciwo ya fi yawa a kowane lokaci, kuma me ya sa?