Jif ɗin iyali da jan tirela a Hawan Kibo

Wani bawan Allah mai sayar da motoci a Bukuru ya turo mini tambaya. Yana da mata da 'ya'ya biyar, yana neman jif ɗaya da zai riƙa kai su makaranta da biki, sannan in ya sayi mota a Abuja, ko wata ta mace masa a hanya, ya ɗora ta a ƙaramar tirela ya jawo ta gida da kansa, ya huta da kuɗin janwe. Dillali ya nuna masa Highlander, har da rantsuwa cewa tana jan dubu biyar.

Alhaji, dillalinka bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka dubu biyar ɗin mene ne ba. Da ma'aunin Amurka aka rubuta, wato fam, kuma in ka mayar da shi kilo bai wuce 2,270 ba. Wannan ma sai mai inji V6 ƙirar 2008 zuwa sama, wadda ta fito daga kamfani da kayan ja. To, zauna mu yi lissafi. Tirelar ƙarfe mai taya huɗu da za ta ɗauki mota takan kai kilo 700 zuwa 1,000 ita kaɗai. Camry na da wajen kilo 1,500. Ka ga tun ba ka bar Mararaba ba ka cinye ƙarfin motar, ko ma ka haura.

Sai kuma abin da takardar kamfani ba ta sani ba: a Jos kake. Garin nan yana bisa tudu wajen mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba kauri, kuma inji marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300 da ya hau. Motar da ke rawar kai a Legas, in ta iso Riyom ta zubar da fiye da kashi goma. Shi ya sa nake ce wa mutanenmu su bar wa mota rarar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta mata.

Amma ni ba hawan ne ke hana ni barci ba, gangarar ce. Kowane V6 in ka matsa masa zai hau Hawan Kibo, ko da rarrafe. Saukowa da tan biyu a bayanka yana tura ka cikin kwana, nan ake gane jif. Na taɓa tsayawa wa wani direba a ƙasan hawan, cikin ruwan Agusta. Tun daga nesa ƙaurin birki ya tarbe ni, hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, shi kuma yana zaune a bakin titi hannunsa na rawa, yana ta salati. Ya ce ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Tun daga sama yake kan birki bai ɗaga ba, man birkin ya tafasa, tirelar da yake ja kuwa ba ta da nata birkin. Allah ne kawai ya yi da sauran kwana.

Saboda haka fara da tirelar kafin jif ɗin. Duk abin da ya haura kilo 750 dole ya zo da birkinsa. Haka dokar Turai take, kuma Hawan Kibo ya fi dokar tsanani. Na fi son irin ta Turai mai birki a wuya, wadda ke kamawa da kanta idan ta tunkuɗi motar gaba, don babu wayar lantarki da za ta ba ka wahala. In za ka sauka, sa giya ta biyu tun kafin gangarar ta fara, ka bar inji ya riƙe motar.

Jif kuwa, nemi mai shasi daban da jiki, irin ginin a-kori-kura. Lexus GX 470 na jan wajen kilo 2,900, yana da kujerun baya na yara, kuma kayansa ba sa wuya a Dilimi. Pathfinder ƙirar 2005 zuwa 2012 na jan wajen 2,700. Prado a wasu ƙasashe 2,500 aka rubuta masa: ya isa Corolla, Camry kuma da ƙyar. Land Cruiser babba ya kai 3,500, in aljihu zai ɗauka. RAV4 da CR-V ka bar su da kai yara Islamiyya.

Kafin ka biya, kai motar wurin bakanikenka a Farin Gada ya shiga ƙarƙashi. Ya duba ko ƙugiyar ja ta kamfani ce, ɗaure da kusoshi a jikin shasi. In mai walda ne ya liƙa ta a bamba, a cire. Ya zaro man giya ya sansana. In ya yi baƙi yana ƙauri, giyar ta riga ta sha wuya. A ƙara mata ƙaramin lagireto na sanyaya man giya, don zafi ne ke kashe giyar otomatik a hawa, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon giyabos ba.

Wani abu da ake mantawa: kusan kashi goma na nauyin tirela a kan bayan jif yake sauka, kuma cikin lodin motar ake ƙirga shi. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda a jikin ginshiƙi da ta faɗi iyakar lodi. Kai da Hajiya da yara biyar da buhun dankalin tsaraba, ga wuyan tirela, lissafin ba zai fita ba. Ranar jan mota, iyali su zauna a gida.

Tambaya ɗaya ta rage, Alhaji: sau nawa za ka ja mota a shekara? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, V8 irin na GX ya zama mai cin kasuwa da gida. In duk wata ne, sayi GX ɗin. In sau biyu ne ko uku, ɗauki Highlander ɗin nan ko Sienna don iyali, ka ajiye lambar mai janwe a wayarka.